Taswirar Gado: Yadda Ƙidaya Ta Riga Ido

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amuran duniya maganar haka take. Sai dai akwai wata taswira da ɗan Adam ya zana ta wani wuri da idonsa bai taɓa kaiwa ba. Ya jera mazaunan wurin ɗaya bayan ɗaya, ya auna tazarar da ke tsakaninsu, sai bayan kusan shekara 20 ido ya sami ƙofar leƙawa, ya tarar da jerin daidai yadda aka zana shi. Wannan ita ce taswirar ƙwayoyin gado, waɗannan ƙananan umarni da ɗa ke karɓa daga uwa da uba, waɗanda ke tsara launin ido da rukunin jini da wasu cututtukan da ke bin dangi. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, ƙidayar 'ya'ya da jikoki ce ta haifi wannan taswira, ita ce ta ba ta ƙarfin tsayawa gaban masu suka, kuma har gobe ita ce ke nuna wa na'urorin zamani inda za su duba. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa tambayar su wa ake ƙirgawa ta zama babbar tambaya a ilimin gado, musamman ga mutanen Afirka.

Tushen maganar yana lambun wani malamin coci, Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau. Ya shekara takwas yana haɗa auren irin waken Turawa yana ƙirga abin da ya fito, kuma a 1866 ya wallafa cewa siffofi suna bin gado ne a matsayin ƙwayoyi daban-daban da ba sa narkewa cikin juna. Ba a kula da aikinsa ba sai 1900. Kafin nan masu duba ƙwayar halitta ta madubin ƙara girma sun riga sun ga wasu zaruruwa a cikinta da ke shan rini sosai, waɗanda aka raɗa wa suna kuromosom a 1888. A tsakanin 1902 da 1903 wani ɗalibi Ba'amurke, Walter Sutton, da ke nazarin fara, da wani masani Bajamushe, Theodor Boveri, suka lura cewa zaruruwan nan bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma suna rabuwa kamar yadda ƙwayoyin Mendel ke rabuwa. Nan wata matsala ta ɓullo. Siffofin da ake gada dubbai ne, zaruruwan kuwa 'yan kaɗan ne. Ashe dole kowane zare ya ɗauki ƙwayoyi masu yawa, kuma dole waɗanda ke zare ɗaya su riƙa tafiya tare. A Ingila, William Bateson da abokan aikinsa sun ga alamar haka wajen 1905 a wata fulawa, inda launin fure da siffar garin fure suka riƙa bin juna, amma ba kullum ba. Wannan "ba kullum ba" shi ya gagari kowa.

Inda aka warware ƙullin wani ɗan ɗaki ne a Jami'ar Kolombiya da ke New York, mai faɗin ƙafa 16 da tsawon ƙafa 23, cike da tebura da kwalaben madara da warin ruɓaɓɓiyar ayaba. Mai ɗakin, Thomas Hunt Morgan, da farko yana cikin masu shakkar Mendel da maganar kuromosom gaba ɗaya. Abin da yake kiwo shi ne ɗan ƙudan nan da ke taruwa kan 'ya'yan itace idan sun nuna sun wuce misali. Ƙudan ya dace da aikin ƙidaya, domin cikin kwana goma zuwa sha biyu ƙwai ya zama balagagge, tamata ɗaya tana zuba ɗaruruwan ƙwai, abincinsu kuwa ayaba ce kawai. Akan sumar da su da wani sinadari, a zazzage su kan faranti, a ware su da ɗan buroshi, a rubuta adadi. A 1910 Morgan ya tsinci namiji ɗaya mai farin ido a cikin dangi masu jan ido. Da ya haɗa shi da 'yan'uwansa, sai farin idon ya ɓace a 'ya'ya, ya dawo a jikoki, kuma a maza kaɗai. Bayanin da ya dace da wannan shi ne ƙwayar launin idon tana zaune a kan zaren da ke tsara jinsi, wanda ake kira X. Karon farko ke nan da aka ɗaure wata siffa guda a jikin wani zare guda.

Cikin shekara ɗaya wasu siffofin suka bayyana waɗanda su ma ke bin X, kamar jiki ruwan ɗorawa da ƙananan fukafukai. Morgan ya ga abin da Bateson ya gani: wasu siffofi biyu kusan ba sa rabuwa, wasu kuma suna rabuwa akai-akai. Ya tuna da wani masani ɗan Beljiyam, Frans Janssens, wanda a 1909 ya ga zaren uwa da na uba suna naɗe juna a lokacin da jiki ke ƙera ƙwai ko maniyyi, har ya yi zaton suna musayar sassa. A ɗauka carbi biyu ne, ɗaya fari ɗaya baƙi, an shimfiɗa su kafaɗa da kafaɗa, an yanke su a wuri ɗaya, an ƙulla kan wannan da gindin wancan. Ƙwayoyi biyu da ke maƙwabtaka da wuya almakashi ya faɗa tsakaninsu, waɗanda suka yi nisa da juna kuwa akwai filin yanka mai yawa a tsakaninsu. A 1911 Morgan ya ce wannan ne sirrin: yawan rabuwar siffofi biyu yana bin nisan da ke tsakanin ƙwayoyinsu.

Wanda ya mai da wannan tunani ma'auni ɗalibi ne mai karatun digirin farko, Alfred Sturtevant, wanda bai wuce shekara 20 ba. A gonar mahaifinsa a jihar Alabama ya taso yana bin salsalar dawakai da launin gashinsu, kuma wannan sha'awar ce ta kai shi wurin Morgan. A ƙarshen 1911, suna cikin hira, ya gane cewa idan yawan rabuwa na bin nisa, to ana iya juya maganar a auna nisa da yawan rabuwa. Ya kwashi takardun ƙidaya ya tafi gida, ya ajiye aikin makarantarsa na wannan dare, kafin gari ya waye ya zana layi ɗaya ya ɗora ƙwayoyi a kai. A takardar da ya wallafa a 1913, ya nuna cewa cikin ƙudaje 21,736 guda 214 ne kawai ɗorawar jiki da launin ido suka rabu a jikinsu, wato kashi 1 cikin 100, don haka ya ce tazararsu taki ɗaya ce. Tsakanin ƙwayar farin ido da ta ido ja mai haske ya sami kashi 29.7, tsakanin wannan da ta ƙananan fukafukai kashi 3. Taswirar ta fito da ɗorawar jiki a kan sifili, farin ido a 1.0, ja mai haske a 30.7, ƙananan fukafukai a 33.7, dungulmin fukafukai a 57.6. Jerin da ya bayar a daren nan shi ne jerin da aka sani har yau.

Ƙarfin wannan aiki yana cikin yadda ya miƙa wuyansa ga gwaji. Mutumin da bai taɓa bin hanyar Kano zuwa Kaduna ba, idan aka gaya masa nisan Kano da Zariya da nisan Zariya da Kaduna, aka kuma ce nisan Kano da Kaduna daidai yake da jimillar biyun, ya san Zariya tana tsakiya kuma garuruwan uku a hanya ɗaya suke. Da jimillar ta ƙi fitowa, da maganar hanya ɗaya ta rushe. Haka Sturtevant ya yi. Ya haɗa 29.7 da 3 ya sami 32.7, ƙidayar kai tsaye tsakanin farin ido da ƙananan fukafukai kuma ta ba shi 33.7, kusan abu ɗaya. Inda tazarar ta yi tsawo lissafin ya riƙa gazawa: tsakanin farin ido da dungulmin fukafukai jimilla ta ce 56.6, ƙidaya ta ce 45.2. Bai ɓoye wannan giɓi ba. Ya ce idan almakashi ya faɗa sau biyu tsakanin ƙwayoyi biyu masu nisa, yankan na biyu zai mai da su zare ɗaya kamar ba a taɓa raba su ba, sai mai ƙidaya ya rasa ganin rabuwar. Hanyar tabbatarwa ita ce a bi siffofi uku a lokaci guda, a ga ko ta tsakiya za ta sauya wuri ita kaɗai ta bar na gefe biyu tare. Ya duba, ya sami irin waɗannan ƙudaje, 'yan kaɗan kamar yadda lissafi ya nuna.

Suka ta farko ta fito daga manyan masana, kuma ba sukar banza ba ce. Cewa suka yi babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar gado, balle ya ga jerinta, kuma alƙaluma na iya dacewa da siffa fiye da ɗaya. A 1919 William Castle na Jami'ar Harvard ya ɗauki alƙaluman ɗakin ƙudaje ya gina wani tsari na waya mai rassa ta kowace fuska, ya ce shi ya fi dacewa da su fiye da layi miƙaƙƙe. Sturtevant da abokan aikinsa Calvin Bridges da Hermann Muller suka amsa masa da cewa ya cakuɗa alƙaluman gwaje-gwaje mabambanta, kuma ya yi watsi da yanka biyu. Idan aka tsaya kan gajerun tazarori daga gwaji ɗaya, layi ne ke fitowa. Hujjoji kuma suka yi ta zuwa ta wasu ƙofofin. Duk siffofin ƙudan sun kasu rukuni huɗu masu tafiya tare, kuma zaruruwansa tagwaye huɗu ne, har ƙaramin rukuni ya dace da ƙaramin zare. A 1916 Bridges ya nuna cewa 'yan ƙudajen da suka saɓa ƙa'idar gadon farin ido suna ɗauke da adadin zaren jinsi da ba daidai ba, kamar yadda ya faɗa tun kafin ya duba. Bateson, wanda ya daɗe yana turjiya, ya ziyarci ɗakin a ƙarshen 1921 ya fito ya sallama.

Ido ya iso a 1931. A Jami'ar Cornell, Harriet Creighton da Barbara McClintock sun sami wata masara da zarenta na 9 ke da ƙulli a kai ɗaya da wani guntun zare da ya maƙale a ɗaya kan, alamomi biyu da ake gani a madubi. Suka bi launin ƙwayar masarar da irin garin da ke cikinta, suka nuna cewa duk inda siffofin biyu suka rabu, ƙullin da guntun ma sun rabu. A shekarar ne Curt Stern ya nuna irin wannan a ƙuda. A 1933, shekarar da Morgan ya karɓi kyautar Nobel, Theophilus Painter ya nuna amfanin wasu manya-manyan zaruruwa da ke cikin gaɓar yawun tsutsar ƙudan, masu ratsi-ratsi kamar saƙi, waɗanda ake iya bi ratsi bayan ratsi. Da aka ɗora taswirar ƙidaya kan taswirar ido, jeri ya zo ɗaya. Hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba suka kai gida ɗaya, kuma shaidu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sun fi shaida ɗaya nauyi komai kaifin idonsa.

Suka ta biyu daga wannan nasarar ta taso, domin jeri ya dace amma tazara ba ta dace ba. Wuraren da ƙidaya ta nuna a cunkushe, ido ya gan su a warwatse, musamman kusa da ƙugun zare inda musaya ke da wuya. Mai suka zai ce taswirar da ta kuskure nisa ba taswira ba ce. Amsar tana cikin yadda fatake suke auna hanya da zango. Zango ɗaya a fili mai laushi ya fi zango ɗaya a cikin duwatsu tsawo, amma madugun da ya ce gari kaza zango uku ne bai yi ƙarya ba, kuma wanda ya bi maganarsa zai ci karo da garuruwan bisa jerin da aka faɗa masa. Ma'aunin Sturtevant, wanda J. B. S. Haldane ya gyara lissafinsa a 1919 aka kuma raɗa masa sunan Morgan, yana auna sau nawa gado ke raba abu biyu. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai kiwo da manomi da likitan iyali ke son sani. A jikin mutum taki ɗaya kan kai kimanin haruffa miliyan ɗaya na DNA, wato rubutun gadon da ke cikin zaruruwan, wani wuri ya fi wani wuri ya gaza, kuma wannan bambancin da kansa ya zama ilimi, don ya nuna inda zare ke yawan yankewa.

Kawo wannan dabara kan ɗan Adam ya ɗauki rabin ƙarni. Mutum ba a haɗa masa aure don gwaji, 'ya'yansa kaɗan ne, kuma tsara ɗaya tana cin shekara 25 ko fiye. Dole a koma ga iyalan da Allah ya riga ya haɗa, a bi salsalarsu. Zaren X ya fi sauƙi, shi ya sa tun 1911 aka ɗora rashin bambance ja da kore a kansa, a 1937 kuma Julia Bell da Haldane suka nuna yana tafiya tare da cutar rashin daskarewar jini. A 1951 Jan Mohr ya sami siffofin jini biyu na farko da ke tafiya tare a wani zaren da ba na jinsi ba. A 1955 Newton Morton ya kawo mizanin da ke ba da damar tara shaida daga ƙananan iyalai da yawa, da sharaɗin kada a yi shelar alaƙa sai shaidar ta rinjayi dace da ninki 1,000. Abin lura a nan shi ne, duk tsawon wannan lokaci ido kuskure yake yi. Tun 1923 littattafai ke cewa zaruruwan mutum 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, suka tabbatar 46 ne. Shekara 33 masana na kallon abu suna ganin abin da aka koya musu. Gani ma yana bukatar mai binsa da ƙidaya.

Daga nan hanyoyin biyu suka riƙa tafiya hannu da hannu. A 1968 Roger Donahue, ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins, ya ga zarensa na 1 yana da wani sashe da ya warware fiye da na kowa. Ya bi danginsa ya tarar alamar tana tafiya da rukunin jini mai suna Duffy, kuma wannan ce ƙwayar gado ta farko da aka ba masauki a zaren da ba na jinsi ba. Rukunin nan ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. A wannan zamanin kuma aka koyi haɗa ƙwayar halittar mutum da ta ɓera a kwano. Gaurayen yakan riƙa zubar da zaruruwan mutum ɗaya bayan ɗaya, sai a duba wane sinadari ya ɓace tare da wane zare. Ta irin wannan hanya aka tabbatar a 1978 cewa ƙwayar da sauyinta ke haddasa cutar sikila tana kan zare na 11. Duk saurayi da budurwar da suka je gwajin jini kafin aure aka ce musu AA ko AS ko SS, labarin wuri ɗaya ne a gajeren hannun wannan zare ake ba su.

Babban cikas shi ne ƙarancin alamomi. Ƙuda yana da farin ido da dungulmin fiffike, mutum kuwa rukunonin jini 'yan kaɗan ne kawai ake iya bi, kamar doguwar hanya ce ba turken mil. A 1978 Yuet Wai Kan da Andrée Dozy suka gano wani ɗan bambanci a rubutun DNA kusa da ƙwayar sikila, wanda ba ya cutar da kowa amma yakan bi cutar a iyalai da yawa. A 1980 David Botstein da Raymond White da Mark Skolnick da Ronald Davis suka ce irin waɗannan bambance-bambance suna ko'ina, kuma idan aka kafa kimanin 150 a tsawon zaruruwan mutum, za a iya gano mazaunin kowace cuta mai bin dangi ko da ba a san komai game da sinadarinta ba. Babban gwaji ya zo da cutar Huntington, mai lalata ƙwaƙwalwa a tsakiyar shekarun mutum. Nancy Wexler, wadda cutar ta kashe mahaifiyarta, ta riƙa zuwa ƙauyukan masunta a bakin tafkin Maracaibo a ƙasar Benezuwela, tana rubuta salsalar dubban mutane tana karɓar jininsu. A 1983 James Gusella ya sami alamar da ke bin cutar a zare na 4. Daga sanin unguwa zuwa sanin gida sai da aka ƙara shekara 10, a 1993. Dabarar ita ce dai ta daren 1911, an sauya ƙudaje da iyalai ne kawai.

Suka ta uku ita ce wadda aka fi ji a yau. An ce tunda aikin karanta DNA na ɗan Adam, wanda aka fara a 1990 aka kammala a 2003, ya jera haruffa kusan biliyan 3, an kuma cike sauran giɓin a 2022, ƙidayar iyalai ta zama kayan tarihi. Ina ganin wannan kuskure ne ta fuska biyu. Na farko, shi kansa aikin karatun a kan taswirar ƙidaya ya jingina, domin gunduwa-gunduwa ake karanta DNA, kuma alamomin da aka riga aka jera, irin dubban da cibiyar Généthon ta Faransa ta fitar a shekarun 1990, su suka taimaka wajen sanin mazaunin gunduwoyin. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, jerin haruffa yana faɗin abin da ke rubuce ne, ba ya faɗin aikinsa. Mutum biyu kowaɗanne sun bambanta a wurare miliyoyi. Wanne ne daga ciki ke kawo ciwo, wanne ne ba ruwansa? Ba a sanin wannan sai an tara masu ciwon da marasa shi, an ƙirga wane bambanci ke bin ciwon. Manyan binciken zamani da ke tara mutum dubu ɗari suna amfani ne da yankan da ya auku a zaruruwan kakanni tsawon ɗaruruwan tsararraki, wato salsalar al'umma gaba ɗaya.

Suka ta huɗu ta fi sauran nauyi, kuma dole a karɓi rabinta. Ƙidaya ta sha yaudarar masu ita. A 1987 an yi shelar gano mazaunin wata cutar taɓin hankali a zare na 11 cikin al'ummar Amish ta Amurka, bayan shekara biyu da aka ƙara mutane a lissafin sai shaidar ta zube. Irin haka ya maimaitu a wasu cututtukan, kuma jaridu sun saba shelar an gano ƙwayar kaza da kaza ta halin mutum, maganar da kan kai jama'a ga zaton an rubuta ƙaddarar kowa a wuri ɗaya. Gaskiyar ita ce dabarar Sturtevant ta fi kaifi inda ƙwaya ɗaya ke da babban tasiri, kamar sikila da Huntington. Hawan jini da ciwon suga da tsawon mutum kuwa ɗaruruwa ko dubban wurare ne ke ba da gudummawa kaɗan-kaɗan, ga abinci da muhalli. Amma a duba abin da ya tona asirin kuskuren 1987: ƙarin ƙidaya ce. Hanyar da ke ɗauke da maganin kuskurenta a jikinta ta cancanci amana, muddin ana tsananta sharaɗi, ana kuma maimaita bincike a wasu mutanen kafin a buga ganga.

Idan ƙidaya ce uwar taswira, to taswira za ta yi kyau ne gwargwadon waɗanda aka ƙirga. Ba a iya ba ƙwaya masauki sai ta zo da fuska biyu, kamar jan ido da farin ido, kuma babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka yawan bambancin gado. Da yake al'ummomin Afirka sun fi daɗewa a doron ƙasa, almakashin gado ya fi yawan ratsa zaruruwansu, gunduwoyin da ke tafiya tare sun fi gajarta, don haka alamar da aka samu a jikinsu takan fi kusa da ainihin wurin da ake nema. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin HapMap na duniya, da aka fara a 2002, ya ɗauki jinin Yarbawa 90 daga Ibadan cikin mutum 270 na farko. Duk da haka, wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2016 ya nuna kashi 81 cikin 100 na mutanen da ke cikin manyan binciken gado Turawa ne, masu asalin Afirka kuwa kusan kashi 3. Hasashen da aka gina kan wata al'umma yakan yi rauni idan aka kai shi wata. Asarar ta kowa ce, amma mu ta fi ci.

Sikila ta isa misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar, kuma ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Likitoci sun daɗe da lura cewa wasu masu SS ba sa shan wahala kamar wasu, saboda jikinsu bai daina ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki ba. Babu wanda ya san inda makunnin wannan jini yake, kuma kallon jerin haruffa bai nuna shi ba. A 2007 da 2008 aka ƙirga bambance-bambancen gado a jikin mutane masu yawan wannan jini da masu ƙarancinsa, sai alama ta faɗa kan wata ƙwaya mai suna BCL11A a zare na 2, wadda ba wanda ya taɓa danganta ta da lamarin. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke kashe wannan makunni a ƙwayoyin ɓargon mai ciwo don jinin jarirantaka ya dawo. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, abin da ya fi ƙarfin kusan duk iyalan da cutar ta fi addaba.

Daga faranti mai ƙudaje 21,736 zuwa wannan magani hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma kowane zango nata da haƙurin ƙidaya aka kai shi. Kayan da Sturtevant ya yi aiki da su takarda ce da fensir da alƙaluman da aka rubuta da gaskiya. Manyan iyalai masu sanin kakanninsu, da asibitocin sikila masu cike da marasa lafiya, da bambancin gado mafi yawa a duniya, duk a ƙasashenmu suke. Abin da ya rage shi ne rajistar asibiti da ba ta ɓacewa, da masu bincike na gida da za a ba kayan aiki, da yardar iyalai da za a nema cikin mutunci a kuma komo musu da amfanin abin da aka gano. Sashen taswirar da ya shafe mu ba zai zanu ba sai an ƙirga mu, kuma ya fi kyau a ce da hannunmu a cikin ƙidayar.